Na Tabarma Ya Sani, Na Takarda Bai Sani Ba: Nazarin Rigimar Kadarko

Wannan bayanin abin da ya faru ne a zamanmu na wasa, wani daren Asabar cikin hunturun da ya wuce, da abin da ya biyo baya har kusan wata biyu. Ni na ja wasan a daren, kuma kaso mafi tsoka na laifin nawa ne, don haka mai karatu ya san daga bakin wa yake jin labarin.

Inda muke da yadda muke yi

Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Auyo a Jihar Jigawa, cikin fadamar kogin Haɗeja. Ni malamin gona ne. Wasan Dungeons & Dragons a Kano na koye shi lokacin karatu, na dawo gida da ƙwayoyin jifa bakwai a gwangwanin man shafawa da dokokin wasan a waya. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya yana ba da labari, yana faɗin abin da ake gani da abin da ake ji. Sauran kowa yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, yana faɗin abin da mutuminsa zai yi. In abin da za a yi yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, a haɗa da makin gwanintar mutumin, a ga ko an kai adadin da ake nema. Mu dokokin bugu na biyar muke bi, na 2014.

Mai ba da labarin madugu muke ce masa. Teburi ba mu da shi. Tabarma muke shimfiɗawa a rumfar shagon cajin waya bayan isha'i, ga fitilar sola a tsakiya, ni kuma na tsayar da yankakken kwalin taliya a gabana don kada a ga littafina. Daga wannan zaman muka samo kalmomi biyu da za su yi ta dawowa a nan. Mutumin da ke zaune yana kurɓar shayi shi ne na tabarma. Wanda yake riƙe da shi a labari, mai suna da makai a rubuce, shi ne na takarda.

'Yan wasan huɗu ne. Malam, malamin firamare, ya haura 50, kuma biyu daga cikinmu sun zauna a ajinsa. Shi ya kafa sharaɗi tun ranar farko cewa ba a sa ko sisi, ba a kiran aljanu, abin da littafi ya kira sihiri kuwa mu ɗauke shi siddabaru irin na 'yan dabo a kasuwa. Mutuminsa mai magani ne, dattijo mai taka-tsantsan. Tela yana riƙe da maharbi. Likita, wato ma'aikacin asibitinmu na sha-ka-tafi, yana riƙe da bafatake mai wayon tsiya. Sai Auta, ƙanen mai shagon, ɗan shekara 17, wanda ya karance dokokin kaf a waya har ya fi ni saninsu. Mutuminsa ɗan maƙera ne, ƙarfi kamar ingarma, kuma Auta da hannunsa ya rubuta a takardar cewa yaron bai taɓa fita daga ƙauyensu ba.

Daren kadarko

A labarin, suna bin sawun ɓarayin da suka kore shanun wata ruga. Sun riga sun gwabza da 'yan baya na ɓarayin, kowa da rauninsa. Makin ran mutum mu jini muke ce masa, kuma jinin mai maganin Malam saura 13. Sawu ya kai su bakin kwazazzabo mai zurfin ƙafa 40, da kadarkon azara a kansa. (Mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, zurfi irin wannan sai rijiya, shi ya sa nake son sa kwazazzabai a labari.)

Abin da ke littafina shi ne: ɓarayin sun zare azarun tsakiya, mai siddabarunsu kuma ya rufe giɓin da abin da muke kira Babbar Sura. Siddabaru a littafin mataki-mataki ne, ita kuma ta mataki na uku ce. Dokarta a fili take. Mai yin ta yana ƙirƙirar surar abu da ba ta wuce ƙafa 20 ta kowace fuska ba, har da sauti da wari da ɗumi, daga nisan da bai wuce ƙafa 120 ba, kuma tana tsayawa har minti 10 muddin hankalinsa yana kanta. Amma ba ta da jiki. Duk abin da ya taɓa ta ratsawa yake yi, asiri ya tonu. Wanda kuma ya tsaya ya duba ta da gangan yana jifan bincike, in ya kai adadin mai siddabarun ya gane ta. Adadin mai siddabarun ɓarayin 14 ne: 8 na asali, 3 na ƙwarewa, 3 na kaifin ƙwaƙwalwa.

Na kwatanta kadarkon. Na faɗi tsawonsa, na faɗi hazo, na faɗi kukan iska a cikin kwazazzabon. Sannan na dubi Tela na ce, "Jefa min mai 20."

"Ta mece ce?"

"Kai dai jefa."

Ƙwayar ta gangara ta tsaya a jikin kofin shayin Likita, 4 a sama, kowa yana gani. Na ce, "Ba ka ga komai ba. Kadarko ne lafiyayye."

Aka yi tsit. Auta ya gyara zama ya ce, "Yaya, wannan siddabaru ne. Ɓarayin nan suna da mai siddabaru, ka faɗa makon jiya. Mataki na uku ne, ƙafa 20, tsakiyar ce babu. Ɗan maƙera zai ɗauki dutse ya jefa tsakiya."

Malam ya ajiye kofinsa. "Ɗan maƙeran naka a ina ya karanta mataki na uku? Ba kai ka rubuta bai taɓa fita ƙauye ba?"

"Baba Malam, ai dutse kawai zai jefa."

"Satar amsa ce. Maharbi ya duba, bai ga komai ba. Abin da mutanenmu suka sani ke nan. Ajiye dutsen."

Auta ya ajiye. Ba don ya gamsu ba, don wanda ya ce a ajiye ɗin ne ya koya masa baƙi da wasali. Malam ya juyo ya ce da ni mai magani ya hau kadarkon, shi ne a gaba.

A nan ya kamata in tsayar da wasan, ban tsayar ba. Faɗuwa a dokar wasan ƙwaya ɗaya ce mai fuska 6 ga kowace ƙafa 10. Na jefa huɗu, suka ba da 17. Jini ya ƙare, mai magani ya suma a ƙasan kwazazzabo, ɓarayi kuma suka fara sakin kibau daga wancan ƙetaren. Wanda ya suma yana jifa a kowane zagaye: 10 zuwa sama nasara, ƙasa da haka faɗuwa, faɗuwa uku mutuwa, in kuma 1 ta fito ana ƙirga ta biyu. Malam ya jefa 7, ya jefa 12. Maharbin Tela ya ɓata zagaye ɗaya wajen ɗaura igiya, ɗaya wajen sauka, a na uku zai iso. Amma layin Malam ya riga nasa zuwa, kuma 1 ce ta fito.

Wata biyar Malam yana riƙe da dattijon nan. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya ce sai da safe.

Wa ya yi daidai

Washegari Malam ya tare ni a bakin masallaci bayan la'asar. Maganarsa ba ta da tsawo. Shi ya riƙe amanar wasa ya mutu, wanda ya so satar amsa yana nan da ransa, to me aka koya wa yaron? Auta kuma da na je karɓar wayata ya ce, "Yaya, ni ban leƙa littafinka ba. Kai ka faɗa mana."

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu a kan babur tsakanin gonaki, kuma inda na tsaya shi ne maganar Auta ta fi ta Malam kusa da gaskiya, duk da cewa shi ma da nasa.

A wasan nan 'yan wasa ba su da ido sai bakin madugu. Abin da ban faɗa ba babu shi. To ni a daren na yi magana da baki biyu. Da ɗaya na ce kadarko lafiyayye ne, da ɗayan na ce akwai abin da Tela ya kasa gani, domin ba a sa mutum jifa a banza, kuma 4 ba ta ɓuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jifan ma ba dokar ce ta sa ni ba. Doka ta ce wanda ya tsaya dubawa da kansa shi ke jifa, kuma babu wanda ya ce zai duba. In madugu yana son sanin ko wani ya lura da abu ba tare da ya tayar da hankalin tabarma ba, littafin ya ba shi hanya: ya ɗauki 10 ya haɗa da makin mutumin, ba jifa. Da na yi haka da makin bincike, bafataken Likita yana da 4, ga 14 cif, daidai adadin mai siddabarun. Da sai in ce masa, "Kai dai wani abu a tsakiyar kadarkon nan bai kwanta maka ba." Daga nan duk abin da suka yi halal ne.

Abin da ya fi ci min rai sai da na buɗe littafina na gan shi. A ƙasan bayanin kadarkon na rubuta da jan biro: "Azarun baki biyu da cin gara da kashin awaki. Na tsakiya fes, ko ƙura babu." Na shirya alamar, na manta ban karanta ta ba. Cikin hunturu, lokacin da ko wayarka ka ajiye minti goma sai ka share ta, azara marar ƙura ai ihu take yi. Na hana mutanen takarda abin da idonsu zai gani, na ba mutanen tabarma abin da bai kamata su gani ba. Na juya abin a baibai.

Sai kuma wata ɓaraka da Auta ya nuna min daga baya yana dariya. Ya ce duk hanyar da babu komai a kanta, cewa nake "kun wuce". In na tsaya ina kwatanta iska da hazo, to akwai magana.

Yanzu batun dutsen. Tambayar da Malam ya yi, a ina ɗan maƙera ya sani, tambaya ce mai kyau amma ba ita ce ta dace da dutse ba. Wadda ta dace ita ce: mutum irin wannan, a wuri irin wannan, zai yi haka ko da bai san komai ba? Mu da muke cikin fadama mun san amsar. Bayan ambaliyar 2022, wa ya taka kwalbati ko kadarko a yankin nan bai fara dannawa da sanda ba? Mai kwalekwale ba ya tura jirgi cikin kachala sai ya soka gora ya ji ƙasa. Mutum yana bin ɓarayi, sun haye gabansa, sun san ana bin su, sannan ya gwada kadarko kafin ya hau, wannan ba karatun littafi ba ne, hankali ne. Masu wasan ma sun san da haka, shi ya sa tun bugun 1974 akwai gora mai ƙafa 10 a jerin kayan da ake saya, kuma har bugu na biyar tana nan.

Inda Auta ya kauce shi ne bakinsa. Da cewa ya yi ɗan maƙera bai yarda da kadarkon da ɓarawo ya bari a bayansa ba, bari ya jefa dutse, da babu mai cewa uffan. Amma ya kira sunan abin, da matakinsa, da faɗinsa, ya zuba wa kowa a tabarma. Wannan ya kashe wa sauran daɗin ganowa, kuma shi ya tunzura Malam.

Malam kuma, wanda na fi jin nauyin faɗa masa, shi ma tabarmar ya shigo da ita takarda, ta ƙofar baya. Wata biyar dattijonsa yana tafiya a ƙarshen layi, yana cewa mai magani ba ya gaba. Ranar da jininsa ya rage 13, ranar ce ya ce shi zai fara hawa. Me ya canza a cikin labarin? Babu. A tabarma ne abu ya canza: yana so ya nuna wa yaro yadda ake riƙe amana. Sanin da yake gudu shi ya tura shi, domin da bai zargi kadarkon ba da maharbi ne zai shige gaba kamar kullum. Haka kuma umarnin ajiye dutse. Ba mai magani ne ya hana ɗan maƙera ba, malami ne ya hana ɗalibinsa. A wurinmu wannan ɓarakar ta fi ta karatun dokoki girma, domin yaro ba ya musu da babba ko a wasa, kuma ban taɓa lura tana aiki a zamanmu ba sai ranar.

Na ce wa Malam tunda kuskuren nawa ne, mu koma bakin kadarkon a sake. Ya ce a'a, bakin alƙalami ya bushe, in ana ta da matattu don madugu ya yi kuskure to jifan ba shi da amfani. A wannan na ba shi gaskiya.

Makonnin tsakuwa

Ɓarnar gaske ba mutuwar dattijon ba ce. A zama na gaba Likita ya ce bafatake ya cika burgaminsa da tsakuwa. Daga nan komai na ambata sai an jefe shi. Na ce ga rijiya, tsakuwa. Na ce ga ƙofar gari, tsakuwa. Na ce ga wata tsohuwa tana tallan daddawa a gindin tsamiya, Tela ya ce a ɗan jefi ƙafarta a gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Zama uku muka yi a haka, labarin da ya kamata ya ci dare ɗaya ya ci uku, mai shayi yana tashi ya bar mu ba mu kai ko'ina ba.

Ban ga laifinsu ba. Na ce musu kadarko lafiyayye ne, mutum ya mutu a kansa. Daga ranar maganata ta zama abin gwaji. A tsofaffin bugun wasan akwai al'adar ɗan wasa ya furta cewa bai yarda da abin da yake gani ba, a ba shi jifan tsira, wato jifan da mutum yake yi don ya kuɓuta daga siddabaru ko haɗari. Da muna bin wannan, da "ban yarda ba" za su riƙa cewa a kowace kwana. Tsakuwar ita ce tasu "ban yarda ba".

Na gwada magunguna. Na fara jefa musu ƙwayar lura da kaina a bayan kwali. Tela ya ce daɗin wasan a hannu yake, in ni zan jefa masa to ya koma kan kekensa. Na gwada tura wa mutum saƙo ta WhatsApp in shi kaɗai ya ga abu. Sau biyu saƙon bai shiga ba sai da muka tashi, ranar da ya shiga kuwa wayar ta yi ƙara, kowa ya zuba wa Likita ido yana karantawa, asirin ya fi na da tonuwa. Na sa kowa ya jefa sau biyar a farkon zama in rubuta, in riƙa ɗauka a jere in buƙata ta taso. Wannan ya yi aiki daidai gwargwado, har yanzu ina yi wani lokaci, sai dai Auta yana haddace lambobinsa.

Duk waɗannan ƙoƙarin ɓoyewa ne, kuma a kan tabarma ɗaya, ƙarƙashin fitila ɗaya, da mutanen da suka san fuskata tun ina yaro, ɓuya ba ta yiwuwa. Abin da ya sauya min tunani yaran gidanmu ne da na ji ana yi musu tatsuniya. Yaran sun san Gizo ƙarya yake shirga wa Kura. Sun sani sarai, kuma sanin ne yake sa su dariya tun kafin Kura ta faɗa ramin. Haka tashe cikin azumi: yaro ya manna gemun auduga yana dogara sanda, kowa a zauren ya san ɗan gidan wane ne, ba wanda ya ce wasa ya lalace. Ni kaɗai na ɗauka sai na yaudari na tabarma kafin na takarda ya ruɗu.

Sai muka zauna muka yi magana kafin wasa, na ɗaukar musu alkawari biyu. Duk siddabarun da zai iya kashe mutum zai bar alama, kuma zan faɗi alamar da bakina cikin kwatance, ko sun kama ko ba su kama ba. Sannan ba zan ƙara cewa abu lafiyayye ne ba, zan ce ga yadda yake a ido. Su kuma suka yarda da tambaya ɗaya, wadda kowa yana iya yi wa kowa, babba ko yaro: me mutuminka ya gani ko ya ji da zai sa ya yi haka? In akwai amsa, ko ƙarama ce, a wuce. Malam ne ya nemi a ƙara "babba ko yaro", ban san ko maganar da na yi masa a kan dutsen ce ta kama shi ba.

Abu ɗaya na aro daga gyararren bugu na uku na 2003. A can, in mutum ɗaya ya gane siddabaru ya gaya wa sauran, suna samun ƙarin maki 4 a jifansu. Bayanin Babbar Sura na 2014 bai ce komai a kan wannan ba. Mu muka mai da shi jifa biyu a ɗauki mai yawa. Amfaninsa shi ne ya buɗe wa sani halastacciyar hanya daga takarda zuwa takarda, ba sai ya bi ta tabarma ba.

Gwaji a zauren ɓarayi

Mako shida bayan kadarko suka cimma mai siddabarun a wani kangon gida. Ya yi wa ɗan maƙera abin da muke kira Ruɗin Zuci. Wannan ya bambanta da Babbar Sura, domin a cikin kan mutum ɗaya kawai yake, ba wanda ke gani sai shi, kuma yana iya yi masa rauni na ƙwaya ɗaya mai fuska 6 a kowane zagaye. Akwai wani sashe na dokarsa da nake so ƙwarai: wanda ya kamu yana nemo wa duk abin da bai yi daidai ba hujja. Misalin da littafin ya kawo ma gada ce, wai in mutum ya taka gadar da babu ya faɗa, zai ce santsi ne, ko iska, ko wani ne ya ture shi.

Auta ya yi jifan tsira ya faɗi. Wannan karon ban yi raɗa ba, ban taɓa waya ba. Na ce a gaban kowa, "Ɗan maƙera yana ganin wuta ta cika ƙofar zauren har sama. Ku sauran ba ku ga komai ba. Auta, kai ka san babu wuta. Shi bai sani ba."

Ya ɗan yi shiru yana murza ƙwayar a tafinsa. Na zaci zai nemi jifan bincike nan take, doka ta ba shi dama. Sai ya ce ɗan maƙera ya daka wa kowa tsawa su ja baya, wuta tasu ce ta gado, ya tuɓe riga ya shiga dukanta. Na jefa, wutar da babu ta ci masa jini 5. Likita ya ce bafatake ya ratsa ta ƙofar ya bi ɓarawon. Na dubi Auta. Ya zare ido ya ce, da muryar ɗan maƙeran, "Ashe bafataken nan yana da maganin wuta ya ɓoye mana? In mun fita sai ya faɗa min wanda ya ba shi!"

Mai shayi ma sai da ya leƙo jin dariyar. Zagaye uku yaron yana dukan iska, ya rasa jini 11, mai siddabarun ya samu ratar tsallake katanga. Sai da maharbin Tela ya riƙe shi ya ce ya dubi jinkar zauren, ko baƙi ba ta yi ba, sannan Auta ya nemi dubawa. Jifa biyu, 6 da 16, aka ɗauki 16, wutar ta ɓace. Na ba shi tukuicin da doka ta yarda madugu ya ba wanda ya riƙe mutuminsa da kyau, wato damar jifa biyu a duk lokacin da ya zaɓa nan gaba.

Yaron da aka kira ɓarawon amsa shi ne ya bar mutuminsa ya ƙone da gangan. Bambancin da na gani shi ne a kadarko an nemi ya yi kamar bai sani ba alhali ana ƙoƙarin yaudararsa shi kansa, kuma farashin mutuwa ne. A zaure an ba shi sanin a hannu an ce ya yi wasa da shi.

Malam bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Yana cewa in madugu ya faɗi komai a fili, an rasa faɗuwar gaban nan ta gaske, lokacin da ƙasa ta zame wa na tabarma da na takarda tare. Gaskiya ne an rasa wani abu, shi ya sa ban buɗe komai ba. Wanda ke sayar da sirrin rugar ga ɓarayi har yau yana cikin littafina a bayan kwali, kuma Auta ya zargi mutum uku duk bai dace ba.

Sabon mutumin Malam masunci ne, ƙanen marigayi mai magani, kuma abu na farko da ya saya gora ce. A zamanmu na ƙarshe kafin aikin shinkafar rani ya ɗauke mu, sawu ya sake kai su wani kadarko. Na ce azarun duk sun ci gara, ƙura ta lulluɓe su, kashin awaki tun daga wannan baki har wancan. Likita bai taɓa burgaminsa ba. Tela ya ce maharbi ya haye. Malam ya ce masunci zai bi a baya, yana ƙwanƙwasa kowace azara da gora kafin ya taka.

Auta ya ce, "Baba Malam, in yi tambayar? Me mutuminka ya gani?"

Malam bai ɗago daga takardarsa ba. "Wansa ya gani a ƙasan kwazazzabo. Miƙo min mai 20."